Turken da Aka Matsar

Yau babu mai gidana, marigayi Dogara, a kan bencin da ya saba zama yana koya muku. Magini ne shi. Shi ya faɗa mini cewa kalmar da'ira daga Larabci muka aro ta, ma'anarta abin da yake kewayawa. Ya ce ba ta yiwuwa sai da tsakiya. Ga misalin da ya bar mini.

Akwai wani mutum da ya tashi gina wa tsohuwarsa ɗaki kafin damina. Ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya kama kewayawa yana zana da'ira a ƙasa. Da ya kai rabi, sai ya ci karo da kututturen ƙirya. Tone shi aiki ne ja, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sai ya tumɓuke turken, ya matsar da shi kaɗan, ya kauce wa kututturen, ya ƙarasa zanensa.

Bango ya tashi. Maƙwabta suka ɗaure jinka a ƙasa yadda aka saba, suka ɗaga suka aza. Jinkar ta zauna ta gefe guda, ɗaya gefen kuwa kan bangon yana waje.

Wani dattijo ya ce, "Maigida, ɗaki ka gina ko ƙwan zabuwa?"

Aka yi dariya. Mutumin ya ce, "Baba, bai fi tafin hannu ba fa. Zan cusa ciyawa."

Tsohuwar ta shiga da tabarmarta tana sa masa albarka.

Damina ta sauka. Ruwa yana bin ciyawar yana ratsa bangon, ba wanda ya gani. Ran nan da hantsi yana noma, sai ga matarsa a guje, ko ɗankwali babu. Ya tarar da bangon a kwance, jinka a kai. Ya yi ta tono da hannu yana kira, "Inna, Inna." Da aka kai gare ta, mazarin kaɗinta yana hannunta, ta riga ta cika. Ya zauna cikin laka, baki buɗe, ko kuka ya kasa.

Ma'anar wannan misali ita ce, turken shi ne Yesu Almasihu, igiyar kuwa Maganar Allah. Kututturen shi ne abin da muke ƙyuyar tonewa daga zuciya: gaba da ɗan'uwa, ko ƙarya, ko fushi da Allah don ya ɗauki namu. Ba mu cika yar da turken ba. Matsar da shi muke yi kaɗan, mu ce ba kome. Abin tsoron kuwa, bangon ba a kan mai ginin ya faɗi ba. Akwai masu kwana cikin abin da kake ginawa.

Ku sunkuyar da kai ku taya ni addu'a. Ya Ubangiji, ka tsaya a tsakiyar ranmu. Ka ba mu ƙarfin tone abin da ya tare mana hanya, kada kuskurenmu ya danne waɗanda suka amince da mu. Cikin sunan Yesu. Amin.