Tafintan da Ya Ba Dutse Idanunsa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun kasa kunne.

Wani mutum ne, sunansa Shekarau, a wani gari a bakin hamada. Da ƙuruciya ya bi fatake, ya tsinto harsuna kaɗan kaɗan. Da ya dawo gida sai dagaci ya mai da shi tafinta. In ya zauna a dandali sai ya nuna idonsa ya ce, "Bafillace ya ce yitere, Babarbare ya ce shim, Bayarabe ya ce oju." Sai mutane su riƙe baki. Ba a taɓa jin ya ce bai sani ba.

Ana nan sai fari ya sauka. Rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka fara faɗuwa, aka shiga binne jarirai.

Ran nan sai ga wata tsohuwa Buzuwa ta shigo gari tana jan jiki, ƙishirwa ta gama da ita. Ta nuna baƙin dutsen da ke bayan gari, ta yi magana da harshensu, sai rai ya yi halinsa.

Dagaci ya ce, "Shekarau, me ta ce?"

Shekarau kalma biyu kawai ya kama. Ya ji dutse, ya ji tit, kuma ya san tit ido ne a bakin Buzaye. Sauran maganar ta wuce shi. Ya duba, gari duk shi ake kallo. Kunya ta hana shi faɗin gaskiya.

Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ta yi dutse na son ido. In an ba shi, za a sami ruwa."

Sai aka cire idon akuya aka ajiye kan dutse. Aka jira, ba ruwa.

Dagaci ya ce, "Ka tabbata ido ta ce?"

Ya ce, "Da kunnena na ji."

Sai aka kayar da bajimin da ya rage a gari, aka cire nasa. Aka jira, ba ruwa. Tambai, matar Shekarau, ta ja shi gefe ta ce, "Maigida, in ba ka ji duka ba, ka faɗa tun yanzu."

Ya ce, "In na faɗa, da wace fuska zan shiga dandali?"

Sai dattawa suka taru suka ce dutse ya raina na dabba, na mutum yake so. Aka yi ƙuri'a, ta faɗa kan Kande, ɗiyar Shekarau tilo. Ya ruga gaban dagaci yana cewa, "Ban ji maganar duka ba! Wallahi ban ji ba!"

Dagaci ya ce, "Jiya ka ji, yau da abin ya zo gidanka ba ka ji ba?" Ba wanda ya yarda da shi.

Shekarau ya dubi Kande, ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce, "To ku ɗauki nawa."

Aka kira wanzami ya cire su. Aka ɗora idanun Shekarau kan dutse, rana ta busar da su. Ba ruwa.

Bayan kwanaki sai ga ayarin masu gishiri. Tambai ta riƙo sandar mijinta ta kai shi zango. Ya ce wa madugun, wani Buzu, "Mene ne tit a harshenku?"

Madugu ya ce, "Ido."

"Shi ke nan?"

"Da inda ruwa ke tsatsowa daga ƙasa. Shi ma tit muke cewa, don ƙasa ma tana hawaye."

Wani Balarabe da ke ayarin ya ce, "Mu ma haka ne. Ain ido, ain marmaro."

Shekarau ya zauna daɓas a ƙasa. Ashe tsohuwa cewa ta yi akwai marmaro a ƙarƙashin dutsen.

Maza suka ɗauko gatura da sungumi suka ture dutse. Ba su yi haƙa mai nisa ba sai ƙasa ta yi laushi, sai ruwa ya ɓulɓulo. Mata suka rangaɗa guɗa, waɗanda suka binne 'ya'ya suka fashe da kuka. Mutanen garin suka sa wa wurin suna Idon Ruwa.

Kande ta ɗebo a ƙwarya ta kai wa ubanta. Ya riƙe ƙwaryar, ya ji sanyinta a tafinsa.

Ya ce, "Kande, garau yake?"

Ta ce, "Garau, Baba. Har fuskarka ina gani a ciki."

Ya ce, "Kada ki gaya mini yadda take." Sai ya kafa kai ya sha.

Ƙurunƙus kan kusu. Ku dai yara, in kun ji rabin magana, ku ce rabi kuka ji.