Bencin Nomau Mai Wankin Hula

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah ne mai wankin hula, sunansa Nomau. Ranar da zan ɗauko muku labarinsa, mai unguwa Jibo ne tsaye a kansa, yana faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ka ɗauke bencin nan, ko ni in tashe ka daga bakin titin nan. Unguwata ce ko mashaya?"

Nomau bai ɗago daga kumfa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da yaran nan su mutu a kango, gara su yi gyangyaɗi a gabana."

Ku saurara ku ji asalin rigimar. A shekarar, ƙwayar da samari ke sha a ɓoye ta zo da wata guba a ciki, fentanil ake ce mata. Mai sha ba ya ganinta. Zai haɗiya, ya zauna, barci ya kwashe shi, numfashi ya tafi. 'Yan sintiri suka yi ta korar yaran, su kuma suka koma kangwaye, inda ba mai ganin wanda ya faɗi. Gwamnati ta kama dillalai, ta kuma raba wani magani da ake fesawa a hanci, mai dawo da numfashi in an yi sauri. Manyan unguwa suka ƙi karɓa, wai kada a ce akwai ɗan ƙwaya a gidansu. Nomau ya karɓa, ya ajiye kusa da sitaci.

Sai ya kafa benci. Duk wanda ya zo a buge, ba zagi, ba kora. Akwai hulunan da masu su suka manta da su tun tuni, sai ya ɗauki ɗaya ya ɗora masa a ka, sakwa-sakwa. Doka ɗaya ce: in hula ta faɗi, kai ya sunkuya ke nan, a tashi a duba. Hannunsa na wanki, idonsa na benci. Haka ya ceci Sallau makaniki, wanda leɓensa har ya canja launi. Aka fesa masa, aka garzaya da shi asibiti.

Alhazai suka janye hulunansu, wai zanna bukar ba ta zama da 'yan ƙwaya. Ciniki ya ja baya. Nomau ya ci gaba da wankinsa. Dama ba mai magana ba ne.

To, mu koma kan mai unguwa. Ya ce zai zauna ya ga ɓarnar da idonsa, sannan ya kira 'yan sintiri. Ya hakimce a ƙarshen benci. Ga inuwar dalbejiya, ga iska, ga tuwon da ya ci da rana. Jama'a, kun san sauran. Kai ya sunkuya, hula ta faɗi.

Kafin ta gama gangarawa, samari sun rufe shi. Wannan na jijjiga kafaɗa, wancan na ɗaga fatar ido, Sallau ya riga ya cusa masa magani a bakin hanci. Mai unguwa ya farka yana atishawa.

"Ni na sha ƙwaya? Tuwo ne, 'yan banza, tuwon dawa!"

Sallau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Hula ta faɗi, mu kuma haka Baba Nomau ya koya mana."

Ran nan aka fara ganin haƙoran Nomau.

Mai unguwa ya ɗauki hularsa, duk ƙasa. Ya daɗe yana kallonta. Ya tuna samarin da ya sallata a shekarar, waɗanda ba wanda ya tashi ya duba su. Sai ya miƙa wa Nomau ita, ya ce a wanke, ya ce kuma bencin ya yi kaɗan, a je a ɗauko na ƙofar gidansa. Kashegari da ƙafarsa ya je asibiti karɓo magani.

Ba duka samarin suka daina ƙwaya ba, kada in yi muku ƙarya. Sallau ya daina. Wasu na nan suna fama, amma da ransu.

Ga darasin, ku riƙe. Nomau bai taɓa cewa ƙwaya halal ce ba. Ya dai san mai rai ne ke tuba, don haka ya tsare rai tukuna. Mu kuwa mun iya tsinuwa, mun iya kora, mun iya ta'aziyya. Tsinuwa ba ta dawo da numfashi. Ku jawo yaranku inda ido zai gan su, ku karɓi magani ba kunya, ku kai su asibiti.

Yanzu a layinku, in hular wani ta faɗi yau, wa zai tashi?