Yadda Kande Ta Koya wa Sitiyari Roƙo

Dalilin da ya sa sitiyarin mota yake gurnani idan mansa ya yi ƙasa, ku matso ku ji, ba zan maimaita ba.

A da, duk cikin kayan mota babu mai kunya irin sitiyari. Lagireto in ya ji ƙishi sai ya tafasa, inji ya yi tari, birki ya yi ƙara. Shi kuwa ya ɗauki kansa baƙo, ko ƙishi zai kashe shi, in an yi masa tayi sai ya ce ya ƙoshi.

To, akwai wata maginiyar tukwane a wani ƙauye bisa tudu, sunanta Kande. Ɗan ƙaninta Jatau ne yake kai mata kaya kasuwa a akori-kurarsa. Kullum da safe ya buɗe bonet ya shayar da kowa, in ya zo kan sitiyari ya ce, "Malam, a ƙara mai?"

"A'a, alhamdulillahi."

Shi ke nan, Jatau ya rufe. Ina ruwan Jatau da bincike!

Ran nan shi da Kande suna gangarowa da lodin randuna, daidai wata kwana, sitiyari ya ƙage kamar turke. Jatau ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, a banza. Mota ta hau dutse, randuna suka zube. Kande ta fito ta tsaya kan tsingaro, ba ta yi kuka ba. Lodi ɗaya ya rage mata a gida, gashin ƙarshe kafin damina. In shi ma ya fashe, ba hatsi a gidanta sai kaka.

Da aka jawo motar gida, Kande ta durƙusa inda motar take kwana, ta ga ƙasar wurin ta yi jawur da ɗigon mai. Ta leƙa, ashe tiyon man sitiyari ne ya tsage.

"Kai, tun yaushe kake yoyo?"

Sitiyari ya ce, "Ai ba komai, Gwaggo."

"Ba koman ne ya fasa mini randuna."

Jatau ya sa sabon tiyo, ya ɗauko kwalbar mai zai zuba. Kande ta riƙe masa hannu. "Ba ya sha sai ya roƙa da bakinsa."

"Haba Gwaggo, gobe fa kasuwa, ga hadari yana haɗuwa."

"Na gan shi, ba makauniya ba ce ni. Ka ba shi yau, wata mai zuwa ya sake yin shiru ya kai mu rami? Tada mota, murɗa shi."

Ta jawo kujera ta zauna, kwalba a cinya. Jatau ya murɗa dama har ƙarshe, ya murɗa hagu har ƙarshe.

"Ka ƙoshi?"

"Na... ƙoshi, Gwaggo."

"Murɗa!"

Tafin Jatau ya yi bororo, iska ta fara kaɗa zana, Kande ko gezau. Can sai aka ji wani ɗan nishi daga cikin bonet.

"Ban ji ba, na tsufa."

Sai sitiyari ya saki gurnani, "Wuuu! Mai, Gwaggo, mai!" har kaji suka watse.

Ta tashi ta zuba masa da hannunta daidai layin ma'auni, ba ta cika ba. Ta sa Jatau ya yi ta juya shi har kumfa ta kwanta, ya yi laushi kamar yumɓu. Sannan ta nuna shi da yatsa. "Daga yau kunyarka ka ajiye wa surukanka. Mai ɗauke da rayukan mutane ba ya kawaici."

Washegari suka sha kwanar nan lafiya, ko murfin tukunya bai tsage ba.

Shi ya sa har yau sitiyari ba ya iya ɓoye ƙishinsa. In kun ji yana gurnani, a tsaya, a duba mai, a leƙa ƙarƙashin mota. Ku ma wanda bai ƙoshi ba ya buɗe baki yanzu, don in na rufe tukunyar tuwon nan, na rufe.