Mutumin da Ya Musanta Nonon da Ya Sha

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye gabas da Ɗambatta. Ba zan kama sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma ba su yi wa kowa laifi ba.

Mahaifiyarsa ta rasu yana cikin tsumma. Sai maƙwabciyarsu, wata Babarbariya da ake kira Ya Amsa, ta ɗauke shi ta haɗa da ɗanta Kallamu, ta shayar da su tare. Kakanninta daga Borno suka zo, tare da mutanen garin aka sari daji. Ko bayan yaye, a gidanta yake wuni. Kullum sai ta kankare ƙanzon tukunya ta ajiye masa, don ta san yana so. Har ya yi gemu bai daina zuwa cin ƙanzon nan ba.

Sai zaɓen kansila ya zo. Ya fito takara, Kallamu ma ya fito. Da ya ga jama'a sun fi karkata wajen Kallamu, sai 'yan kanzagi suka ce masa abin ai mai sauƙi ne, ya tuna wa mutane cewa Barebari baƙi ne. Baƙi fa! Mutanen da kuke gayya tare, kuke sahu ɗaya, kuke kai mamatanku maƙabarta ɗaya? Amma ya karɓa. Ya riƙa bi majalisa-majalisa yana cewa sun mamaye fadama, in suka hau kujera kuma sai abin da hali ya yi.

Ranar babban taro a filin firamare, wani dattijo ya ɗaga murya ya tuna masa cewa Ya Amsa ce ta shayar da shi. Da shiru mutumin ya yi, da ya fi masa. Amma ya kafa baki a lasifika ya ce, "Wallahi ni ban taɓa shan nonon Babarbariya ba."

Gidan Ya Amsa a bayan makarantar yake. Tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji da kunnenta. Matan da ke wurin sun ce ba ta yi kuka ba, ba ta yi masa baki ba. Ta dai ajiye rariyar ta shiga ɗaki.

To, samari sun ji abin da aka zuba musu a kunne. Ba a daɗe ba akuyar wani Babarbare ta shiga gonar wake, abin da a da haƙuri ɗaya ke kashewa. A kan wannan aka cinna wa rumbunan unguwar Barebari wuta. Hukuma ta kafa kwamitin sulhu, kuma ku ji abin takaici, har da mutumin nan a ciki. Aka gaisa hannu da hannu, aka ɗauki hoto, aka ci shinkafa, aka watse. Ba wanda ya tambayi wa ya kunna ashana, don zaɓe ya matso, kowa na tsoron rasa ƙuri'a. Barebari suka sayar da gonakinsu suka tashi. Kallamu ya ɗauki mahaifiyarsa ya koma Ɗambatta.

Mutumin ya ci zaɓe. Sai me? Samarin sun ɗauka fadama tasu ce, ashe masu hali daga birni sun saye ta. Wanda ka koya wa ƙona rumbun maƙwabci, me zai hana shi ƙona naka? Haka kuwa aka yi. Da zaɓe ya sake zagayowa jam'iyya ta yar da shi. Hawan jini ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kwance ba abin da ke dawo masa sai rantsuwar nan.

Ya roƙa aka sa shi a mota zuwa Ɗambatta. Kallamu ya tarbe shi, ya ce shi dai ya yafe nasa, haƙƙin tsohuwa kuwa sai ya shiga ya nema da kansa.

Ya same ta a kan tabarma, tsufa ya tafi da hankalinta. Ya durƙusa da ƙyar, yana kuka, ya ce, "Inna, ni ne. Ƙarya na yi, na sha. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Bawan Allah, ban san ka ba. Amma in ƙauyenmu za ka, akwai yarona a can, maraya ne. Ka ce masa ya zo, na ajiye masa ƙanzo."

Ya yi ta cewa shi ne yaron. Ta ce a'a, nata ƙarami ne. Haka aka ɗauko shi aka dawo da shi, ita kuma ba ta ƙara wata biyu ba ta rasu. Yana nan da rai, kuma an ce har yau ba ya iya kallon ƙanzo.

Ya 'yan uwa, Allah bai yi mu ƙabilu don mu kori juna ba, ya yi mu ne don mu san juna. Kujerar kansila ta zo ta wuce, rantsuwar tana nan tana jiransa. Kada ka ce gobe ka nemi gafara, don ba ka da tabbacin wanda ka zalunta zai gane ka gobe. Duk ranar da ɗan takara ya ce maka maƙwabcinka baƙo ne, ka tsaya ka tuna wa ya taya ka haƙa kabarin mahaifinka.

Allah ka tsare harsunanmu daga rantsuwar ƙarya, ka raba mu da ƙabilanci, ka sa mu nemi yafiya tun masu haƙƙi suna gane fuskokinmu. Allah ya jiƙan Ya Amsa, mu kuma ya kiyaye mu. Amin.