Duwatsun Dauletbay

Akwai wani makiyayin dawaki, Ospan, a zamanin da garinmu Taskuduk bai wuce 'yan gidajen ƙasa kewaye da rijiya ɗaya ba.

Al'adarmu a lokacin sanyi kowa ya san ta. Dawaki ke shiga gaba su fasa dusar ƙanƙara da kofato, tumaki su biyo baya su ci ciyawar da ta bayyana. Dawakin Ospan ke yi wa duk gari wannan aiki, a kwarin da tsauni ya tare wa iska.

Sai ɗan wan babansa, Dauletbay, ya yi arzikin tumaki, kansa ya kumbura. Ya tara ingirici, ya jera duwatsu a bakin kwarin, wai nasa ne shi kaɗai. Kwarin da kakansu ɗaya ya yi kiwo a ciki, don Allah ku ji rashin kunya.

Ranar da Ospan ya koro garkensa, Dauletbay ya tare shi a gaban jama'a.

"Ina zuwa da waɗannan ƙattin maciya?"

"Yaya, inda muka saba."

"Dawakinka su cinye kan ciyawa, tumakina su lashi saura? Na gaji da ciyar da matsiyata. Juya."

Ya zabga wa farar goɗiyar Ospan bulala a fuska. Jama'a suka kau da kai, kowa na jin tsoronsa.

Ospan ya koma fili, inda iska ke yanka kamar wuƙa. Duƙusansa suka yi ta faɗuwa. Farar goɗiyar nan, wadda nononta ya raini 'ya'yansa, ita ma ta kwanta ba ta tashi ba. Ya tsaya a kanta, baƙin ciki ya hana shi ko hawaye.

Can tsakiyar sanyi aka yi ruwa a kan dusar, gari ya waye ƙasa ta daskare. Ingiricin Dauletbay ya ƙare. Tumaki suka yi ta tono har ƙafafunsu suka yi jini, ciyawa na ƙarƙashin ƙanƙara suna kallonta. Nasa na mutuwa, na maƙwabta na mutuwa.

Sai ga Dauletbay a ƙofar Ospan, hula a hannu.

"Ƙanena, ka taimaka da dawaki."

Ospan ya miƙe. "Yau ni ne ƙanenka? Je ka ka ce wa duwatsunka su fasa maka ƙanƙarar."

Matarsa Ulbosin ta ajiye butar shayi da ƙarfi. "Ni ma ko ruwa ba na son ba shi. Amma tumakin Aiganim mai marayu fa? Su ne suka daki goɗiyarka?"

Ospan ya yi ta huci. Sannan ya ɗauki sirdi.

A bakin kwarin ya ja linzami. "Dawakina ba sa tsallake iyakar mutane, Yaya. Mai dutse ya kwashe abinsa."

Dauletbay ya duba hagu da dama, ba wanda ya motsa. Ya durƙusa yana ɓamɓare duwatsun daga ƙasa daskararriya, farcensa na tsagewa, duk gari na tsaye. Sai da ya ɗauke na ƙarshe Ospan ya saki garke. Tumakin Aiganim ya fara sa wa a bayan dawakin, sai na sauran talakawa. Na Dauletbay su ne ƙarshe, ɗan abin da ya rage.

Da bazara aka ɗaure bakin rijiyar gari da duwatsun nan. Har ya mutu, Dauletbay bai ɗebi ruwa ba sai ya sunkuya a kansu.

Darasi: Kada ƙoshin yau ya sa ka wulaƙanta wanda rayuwarka ke tafiya a bayan sawunsa. Kai kuma da aka zalunta, fushinka halal ne, amma kada ya ci marar laifi. Ku tura wa duk wanda kuka san ya fara jera duwatsu tsakaninsa da 'yan'uwansa.