Yadda Sati Ya Kashe Baba Mordecai a Takarda

Sati ma'aikaci ne a wani ofishin fansho na ƙaramar hukuma a Sabon Garin Zariya, kuma ban taɓa ganin mutum mai ƙyashi kamarsa ba. Shekara talatin da uku yana kan teburi ɗaya. Ya san aiki, wannan ba zan hana shi ba. Amma in aka yabi wani a gabansa, ranar ko abinci ba ya yi masa daɗi. Ni ne direban ofishin, sunana Raphael. A aji uku na tsaya a sakandare, amma duk masu digirin nan babu wanda ya kai ni sanin abin da ke gudana a ginin.

Ciwon Sati ya tashi ne da aka kawo mana Scholastica daga Samaru. Tun makonta na farko ta sa aka jera benci a inuwa, domin tsofaffi su daina tsayuwa a rana. Ta haddace sunayensu. Tana tambayar wannan ƙafarsa, tana tambayar waccan jikokinta. Nan da nan tsofaffi suka daina tsayawa a teburin Sati. Sai su leƙo su ce, "Ina 'yarmu?" Wani ya kawo mata rake, wata ta kawo ƙwan zabi, ita kuma ta raba wa kowa. Sati ba ya karɓa.

Ni kuwa ba na barin wuta ta mutu. In na shigo sai in ce, "Oga Sati, yau ma babu wanda ya kawo maka ko gyaɗa? Bari in roƙo maka a wajen Madam."

Sai ya ce, "Rafa, fita mini daga nan. Ranar da yarinyar nan ta shiga firamare, ni ina kan kujerar nan."

"Shi ya sa kujerar ta lotse," in ji ni.

Kowace shekara ana yin tantancewa. Duk ɗan fansho sai ya zo da kansa, a ɗauke shi hoto, ya dangwala yatsa, a tabbatar yana raye. Wanda ba a gani ba har wa'adi ya cika, ana ɗaukarsa ya mutu, a tsayar da kuɗinsa. Waɗanda ciwo ya kwantar kuwa, 'yan uwansu kan zo su rubuta suna a wani babban littafi, ni da Scholastica mu bi su gida gida. A shekarar ne aka fara raɗe-raɗin ita za a ba shugabancin sashen. Sati ya ji. Wata rana da azahar, ofis babu kowa, ya buɗe littafin ya zare shafi guda daga tsakiya. Lissafinsa shi ne a tsallake mutum, ƙorafi ya tashi, a ce sakacinta ne.

Suna ɗaya ne a shafin, domin sabon shafi ne aka fara. Baba Mordecai, tsohon malamin firamare a Bomo, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Da fanshonsa ake saya masa maganin hawan jini.

Muka gama zagaye, daga Hanwa har Zabi, ba mu taka Bomo ba. Wa'adi ya cika. Wata ya ƙare, kowa ya ji alat na shigar kuɗinsa, ban da Baba Mordecai. 'Yarsa Hephzibah ta zo ofis, aka duba aka ce mata sunan mahaifinta yana cikin matattu.

Ta ɗora hannu a ka. "Wane matattu? Da hannuna na ba shi koko yau da safe! Ni na rubuta sunansa a littafinku!"

Aka buɗe littafi, babu suna. Shugaban ofis ya ba Scholastica takardar tuhuma, tunda littafin a hannunta yake. Ta yi kuka a bayan mota, ba don takardar ba. Ta ce, "Rafa, da me za su sayi magani?" Sati kuwa ranar har da fito yake yi. Ya ce mini, "Ka gani? Aikin fansho ba dariya da tsofaffi ba ne."

Bayan kwana tara na je sayen ƙosai wajen Mama Ugomma, wadda ke suya a bakin ƙofar ofis. Ta ƙunsa mini. Ni kuma duk takardar da ta shigo hannuna sai na karanta ta, ko ta maganin sauro ce. Ina warwarewa sai ga layukan littafinmu, mai ya jiƙa su, ga kuma rubutun Hephzibah: Mordecai, Bomo, bayan coci.

Na ce, "Mama, wa ke kawo miki takardun nan?"

Ta ce, "Oga Sati mana. Kullum yana tara mini na kwandon shararsa, ni kuma in ba shi ƙosai kyauta. Shekara goma ke nan."

Ashe ya dunƙule shafin ya jefa a kwandonsa, ƙyashi kuma ya hana shi tuna inda takardun kwandon ke ƙarewa.

Wani zai ruga ya kai rahoto. Ni ba haka nake aiki ba. Na jira aka zauna taron safe, kowa yana nan. Na shiga da ƙunshina na ajiye a gaban shugaba, na ce, "Ranka ya daɗe, ga karin kumallo. Oga Sati ne ya ba da faranti."

Shugaba ya ɗauki ƙosai ɗaya, idonsa ya sauka a kan rubutun. Bai kai shi baki ba. Ya sa aka kawo littafin, ya ɗora shafin a gurbinsa, yagar ta haɗu daidai. Aka kira Mama Ugomma ta maimaita maganarta. Sati ya ce shara ce kawai, ya ce iska ce.

Shugaba ya ce kafin komai sai an je Bomo, kuma da Sati za a je. Na tuƙa su. Muka tarar da Baba a kwance a kan katifa, kwana goma sha biyu rabonsa da magani, bakinsa ya ƙara karkacewa. Hephzibah ta faɗa masa wanda ya zo. Sati ya durƙusa ya ce, "Baba, ku yafe mini. Ba da ku na yi ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Da ƙyar maganar ta fito. "Kai ne ka kashe ni a takarda?" Ya miƙo hannunsa mai lafiya. "To taɓa ni. Ka ji ko da sanyi."

Sati ya kasa taɓawa. Scholastica ce ta riƙe hannun, ta shafa tawada a babban yatsa, ta dangwala.

Sau huɗu ta je babban ofis a Kaduna kafin sunan ya dawo cikin masu rai, kuma a tsakani ita da Hephzibah suka yi ta haɗa na magani. Baba ya samu haƙƙinsa, amma maganarsa ba ta sake fita sosai ba. Kwamitin ladabtarwa ya kori Sati, saura shekara biyu ya yi ritaya. Wanda aka kora kuwa ba shi da fansho.

Darasin da ke nan shi ne, mai ƙyashi yana auna mutum ɗaya ne, amma wanda yake samu daban ne, kuma sau da yawa marar ƙarfi ne da bai san ana yi ba. In an damƙa maka sunayen mutane, ka tuna bayan kowane suna akwai mai numfashi da ke jiran abinci da magani. In kuma ka ga ana son abokin aikinka, ka duba abin da yake yi wa mutane ka yi irinsa. Zare shafinsa ba zai sa a so ka ba.