Garkuwar da Ba a Jin Ƙararta

Wani dare a farkon sanyi, mutanen tsibirin Harsk suka ji ana dukan garkuwa daga cikin teku. Uku, shiru, uku. Ko yaron goye ya san ma'anarsa: mutum ya faɗa ruwa, a kawo jirgi. Amma ba wanda ya motsa, domin daga Dutsen Matattu ƙarar take fitowa.

Ya 'yan'uwa, bari in koma baya. An yi wani mutum a cikinmu, jarumi, mai faɗin ƙirji, ba zan faɗi sunansa ba. Yana da ƙane, Eilif, wanda dattawa suka ba wa ƙahon tsaron mashiga. Babban ya ga ƙahon a wuyan ƙanensa, abinci ya daina yi masa daɗi.

Mu mutanen Harsk ba ma karɓar baƙo, ba ma zuwa baƙunci. Da mashi ake yaye mu. Tumakinmu ma ciyawar teku suke ci, na taɓa ganin rago ya kau da kai daga hatsin da igiyar ruwa ta kawo. Duk wanda ƙafarsa ta taka ƙasar waje, ya mutu, ko da yana numfashi. A kai shi dutsen nan, ya rayu da kifi da ƙwan tsuntsu. Ba a amsa masa, ba a ambatonsa, ba a yi masa kuka.

Mutumin nan ya tsaya gaban dattawa ya ce ya ga Eilif ya sauka a gaɓar waje yana shan ruwan rijiyarsu. Ƙarya ce. Aka kai Eilif dutse, aka rataya wa babban ƙaho. Shekara shida yana busa shi da alfahari.

Yana da 'ya ɗaya, Sigvor, gwanar jifan mashi. Ran nan ta fita kamun kifi, hadari ya taso, ba ta dawo ba. A daren ne garkuwa ta soma kuka. Da gari ya waye aka hango mutum biyu a kan dutsen, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, da jan mayafin da kowa ya san na Sigvor ne.

Mutumin ya ruga wurin Torkel, tsohon da ke riƙe da mabuɗin rumbun filafilan tuƙa jirgi.

"Baba, a ba ni mutum takwas! 'Yata ce can!"

"Wa ya gaya maka?"

"Ba ka jin garkuwa?"

"Ni iska nake ji, ɗana. Kai da ka kashe ƙanenka da bakinka, yau kai ne mai jin muryarsa?"

Sai ya cire ƙahon ya ajiye a ƙasa, ya durƙusa gaban jama'a.

"Ƙarya na yi. Eilif bai taka ko'ina ba. Rayayye ne, ku amsa masa!"

Wani ya yi dariyar baƙin ciki ya ce, "Yau mai ƙaho ya busa ta baya."

Dattawa suka zauna har rana ta karkata. Torkel ya fito idanunsa jajur, ya ce, "In gaskiya ka faɗa a da, Eilif matacce ne, ba ma jinsa. In ƙarya ka yi, kai maƙaryaci ne, kuma a Harsk ba a karɓar maganar maƙaryaci, har da wadda ka faɗa yanzu. Nuna mana ƙofa, wallahi mu bi."

Ina ƙofar take, ya 'yan'uwa? Shi ya gina bangon, shi ya toshe ta.

Ya tura jirgi shi kaɗai da guntun katako. Teku ta dawo da shi sau uku, na ƙarshe da karyayyen hannu. Ya zauna a bakin gaɓa. Mu duka muna tsaye a bayansa, jarumai ɗari huɗu da masu, muna kallon ƙafafunmu. Kwana uku Eilif yana kira saboda 'yar wanda ya zalunce shi. A na huɗu aka hango shi yana tara duwatsu a kan jan mayafi.

Ku duba abin da hassada ta saya masa. Maƙaryaci yana zaton kalma ɗaya ya kashe, bai san dukan maganarsa ya binne ba. Ranar da zai fi bukatar a gaskata shi, ranar ce ba mai iyawa. Allah ya tsare harsunanmu daga shaidar zur, ya kiyaye mu da 'ya'yanmu.

A ranar, muna watsewa daga bakin gaɓa sai tsohuwa Gudny, maƙwabciyar mutumin, wadda ta karɓi haihuwar Sigvor, ta kama hannun rigar Torkel.

"Yaya, yarinyar a can ta cika. To, ni an yarda in yi mata kuka?"